Ɗigon Ruwa a Wayar Gwaggo

Gwaggona ba ta taɓa kiran abin da sunansa ba. Ɗigon ruwa take ce masa, wai haka yake mata a kunne, kamar indararo bayan an ɗauke ruwan sama. A lokacin haushin sunan nake ji, don a ganina abin ya wuce a haɗa shi da indararo. Hap ake ce masa. Abin kiɗa ne na Turawa, dogo, ya kusa tsayin mutum, da tsirkiya jere rututu waɗanda ake tsinka da yatsu. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, ban kuma san wanda ya taɓa gani ba daga Jega har Maiyama. Nawa a cikin kwamfuta yake.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a ƙauyen Kashin Zama, kusa da Aliero, take zaune tun da aka kai ta aure, ba ta tashi ba ko bayan rasuwar mijinta. Ta haihu da yawa, ɗaya ne ya tsaya mata, shi ne kuma na farin. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa daga Aliero ya kai kudu, ya yi kwanaki a hanya kafin a sake ganinsa. Saboda kunyar ɗan fari ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce mai mota. Ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. Sai ta tambaye ka ko an ce hanya na da kyau bana, ko gadar nan da ake magana an gyara ta. Duk wanda ya san ta ya san abu ɗaya take tsoro a duniya, ranar da za a zo mata da labarinsa daga hanya.

Ni da shi taubasai ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka bawana nake ce masa tun muna yara. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba. Da makaɗin banza yake kirana, da na sayi kwamfuta sai ya ƙara min girma na koma makaɗin lantarki. Shi ya saya wa Gwaggo waya mai shafawa don ya riƙa aiko mata da murya da hoto daga hanya. Ba ta karatun boko, amma ta gane inda ake dannawa a ji magana, wannan kuwa ya ishe ta.

Situdiyona ɗaki ɗaya ne a Jega, bayan layin masu gyaran waya. Na manne bangon da soso da kwalin ƙwai don kada hayaniyar kasuwa ta shigo, amma ranar kasuwa sai ka ji kukan raƙumi ko na sa a tsakiyar waƙar soyayya. Aikina haɗa kiɗa: waƙar biki, tallar taki, tallar maganin basir, waƙar ɗan takara in zaɓe ya zo. Wani abokin sana'a ne ya zuba min tarin sautuka a filashi, a ciki na tsinci hap.

Yadda ake yin abin ya daɗe yana ba ni mamaki. Can wata ƙasa aka zaunar da wani makaɗi a ɗakin da ba motsi, aka ce ya tsinki tsirkiya ɗaya. Ya tsinka da sauƙi, aka naɗa. Ya tsinka da ƙarfi, aka naɗa. Ya koma ta gaba. Haka har suka ƙare, sannan aka tattara sautukan a manhaja, aka raba wa maɓallan fiyano. In na danna maɓalli a Jega, yatsan wancan mutumin ne ke motsi. In ka sa abin kunne ka saurara da kyau har ƙarar fatar yatsansa kana ji a jikin tsirkiyar, kafin sautin ya tashi. Ranar da na fara jinsa na manta da abincin da na aika a sayo min har ya huce.

Sai dai ba mai so. Mawaƙanmu ganga suke nema, da kalangu, da sarewa, abin da zai sa mata su miƙe a filin biki. Duk wanda na cusa wa hap a waƙarsa sai ya ɓata fuska ya ce ba a rawa da wannan. Ni kuwa ina da zuciya, kuma ina ganin na fi kowa kunne a garin. Nakan cire, amma ina cirewa ina zaginsu a raina.

Wani mahauci ne ya buɗe masa hanya. Mahaifinsa ya rasu, danginsu kuma sun warwatsu a kudu, ya zo da hoton tsohon a waya ya ce in haɗa masa ɗan bidiyo na sanarwa, da rubutu da addu'a, ya tura musu. Ya ce kada in sa kiɗa, amma kuma kada in bar shi shiru. Na ce ina da abin da ba ganga ba ne, ba kuma shiru ba. Na ja yatsana a kan fiyano daga sama zuwa ƙasa, sautin ya gangaro, na bi shi da 'yan tsinke-tsinke a hankali, na bar tazara tsakaninsu. Da na kunna masa, ƙaton mutumin nan da ke kayar da sa shi kaɗai ya juya min baya yana share ido da hularsa.

Daga nan abin ya kuɓuce min. Wanda ya gani ya zo, wanda bai zo ba ya yanke sautin daga bidiyon mahaucin ya ɗora a kan hoton nasa mamacin, don yanzu kowace waya tana iya wannan. Masu tura waƙoƙi a tasha suka zuba shi a memori. Kafin damina ta zagayo, in ka ji sautin nan ya gangaro daga wayar wani a Jega ko Aliero ko Maiyama, ba sai ka leƙa ba, ka san an yi rashi. Wani malami a layinmu ya tare ni ya ce bai ga dacewar a raka mamaci da kayan kiɗa ba, ko da ba ganga. Na yi masa musu har muryata ta tashi, abin da bai kamata ba. Gaskiyar magana daɗi nake ji. Ina kan kabu-kabu in ji abina na tashi daga aljihun wani, sai in gyara zama.

Har Kashin Zama ya kai. Matan maƙwabta sukan shigo wa Gwaggo da wayoyinsu su nuna mata wanda aka rasa, tunda ita ta san kowa da dangin kowa. Da haka ta koyi karatunta: hoton mutum shi kaɗai, da ɗigon ruwa. Na taɓa zuwa gaishe ta, muna zaune tana ɓarar gyaɗa, sai sautin ya taso daga bayan danga. Hannunta ya tsaya cak. Ta ɗaga murya ta ce, “Wa yar rasu?” Aka faɗa mata wani tsoho ne a Sabiyal. Ta yi masa addu'a, ta ci gaba da ɓararta, amma na ga sai da ta sauke numfashi tukuna. Na ga wannan da idona. Abin da na ɗauka daga ciki kawai shi ne aikina ya kai ƙauye.

Abin da ya fara ci min rai daban ne. Wata rana ina haɗa wa wani mawaƙi waƙar suna, na saka hap kaɗan a ƙarƙashin amshi, ya cire abin kunne ya ce in fitar masa da kiɗan gawa daga waƙar jariri. Kiɗan gawa. Abin da na fi ƙauna a duk kwamfutar nan, ni da hannuna na mayar da shi haka. Na ƙudurta a raina sai na nuna wa garin nan cewa hap na iya murna.

Sai ga bikin bawana ya taso. Ya samu yarinya a Maiyama, 'yar masu sayar da hatsi, aka sa rana bayan an kwashe albasa. Ya zo situdiyo ya baje a kujerata ya ce waƙa yake so wadda za ta sa surukansa su san ba da talaka suka haɗa jini ba, kuma ba zai biya ba, tunda bawa ba ya biyan ubangidansa. Ya turo min hotuna, nasa da na amarya, ya hau mota ya yi tafiyarsa ta ƙarshe kafin biki.

Na zuba duk abin da na iya a waƙar nan. Ganga uku na jera, da kalangu a sama, na samo mawaƙi mai murya. A farkonta kuma na sa hap shi kaɗai. Amma ba irin na sanarwa ba. Wancan gangarowa yake, wannan hawa yake daga ƙasa zuwa sama. Wancan a sautin baƙin ciki yake, wannan a na farin ciki. A kunnena ko kusa ba su yi kama ba, kuma da ka ce min sun yi kama da na ce kunnenka ne ya toshe. Na tsara bidiyon yadda hoton ango zai fara fitowa shi kaɗai, cikin farar shadda, yana murmushi, hap na hawa a hankali. Sai an ɗan ja rai, sannan ganga ta faɗo, hoton amarya ya bayyana a gefensa. Na kalla na sake kalla, ina yaba wa kaina.

Na ce ba wanda ya cancanci ya fara gani sai uwar ango. Da hantsi na tura mata, ita kaɗai. Ban haɗa da murya ba, don so nake ya zo mata ba zato. Daga nan na kashe wayata, kamar yadda nake yi in zan ɗauki murya, na shiga aikin wata talla.

Sai bayan azahar na kunna. Kira ya taru har ban san na wa zan fara bi ba. Kafin in zaɓa, wani ɗan'uwanmu daga Aliero ya shigo layi, muryarsa a dushe, ya ce sai haƙuri, mai mota ya rasu a hanya. Na tambaye shi haɗari ne, ya ce bai sani ba, daga gida aka faɗa, an yi ta kiran wayarsa ba ta shiga. Kafin ya ajiye ya ce in na samu natsuwa in haɗa bidiyon sanarwa, tunda ni ke da hotunansa masu kyau.

Na yarda. Ko ɗigon shakka bai zo min ba. Na rufe situdiyo na hau babur, ina tuƙi hawaye na shiga min baki. Na wuce rumbunan albasa na bakin hanya, warinta ya buge ni, na tuna yadda rigarsa ke wari haka kullum ina tsokanarsa. Har tunani na yi a hanya cewa Allah ya sa Gwaggo ba ta buɗe waƙar da na tura mata ba, kada ta ƙara mata ciwo.

Na tarar da ƙofar gida cike da maza a kan tabarmi. Mutanen Maiyama ma sun iso, har da wan amarya, ya sunkuyar da kai. Na gaisa da su na shige ciki. Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa, carbi a hannu, mata kewaye da ita. Ba ta kuka. Daga baya aka ba ni labari cewa ko ƙara ba ta yi ba. Tana wanke-wanke saƙon ya shigo, ta buɗe, ta gani, ta ji, wayar ta sulluɓe ta faɗa cikin bahon ruwa. Ta miƙe ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta fito da tabarmi ta shimfiɗa, ta sauke buhun shinkafar biki ta ce a dafa wa masu zuwa. Da maƙwabciya ta tambaye ta lafiya, sai ta ce mai mota ne. Ba wanda ya tsaya tambayar uwa inda ta ji mutuwar ɗanta.

Na durƙusa a gabanta na yi mata gaisuwa. Ita ce ma ta ba ni haƙuri. Sai na tambaya, don in san inda za mu je ɗauko shi, ko wane ne ya kawo labarin.

Ta dube ni da mamaki. “Ai kai ka aiko man, ɗana. Da hoto nai, da ɗigon ruwan.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Abin kunya kuma, farin ciki da tsoro suka zo min tare, ban san wanda zan fara ji ba. Na ciro wayata. Na ce Gwaggo ki saurara har ƙarshe. Da sautin ya fara hawa wata mata ta fashe da kuka, Gwaggo ta kawar da kai. Na riƙe wayar a gabanta ina roƙonta. Tazarar nan da na saka don jan rai, na yi ta yaba wa kaina a kanta, ranar na ji kamar ba za ta ƙare ba. Sannan ganga ta faɗo a tsakiyar gidan makoki, mawaƙi ya rangaɗa kirarin ango.

Sai da na sake kunnawa a waje, gaban maza. Wasu suka yi salati, wasu suka tuntsire da dariya har da riƙe ciki, wani kawunmu ya ɗaga takalmi ya yi kaina sai da aka riƙe shi. Wan amarya ya koma gefe yana kiran gida, don can an riga an kwantar da yarinyar ana mata fifita. Shinkafar da aka dafa, aka ci ta haka nan.

Da la'asar wayar mai mota ta shiga. Ashe wani daji ya ratsa inda ba sabis, cajinsa kuma ya ƙare. Aka miƙa wa Gwaggo. Ta saurari muryarsa, ba ta ce masa komai ba sai ta tambaye shi ko hanya na da kyau.

Shi kam abin ya zame masa abin dariya na shekaru. Ya ce ubangidansa ya kashe shi don kada ya 'yanta shi. Ya ce shi kaɗai ne a ƙasar Aliero ya san waɗanda za su zo gaisuwarsa da waɗanda ba za su zo ba, kuma ya riƙe su. A wurin biki ya sa aka kunna waƙar tun daga farko, yana tsaye ya rufe ido ya haɗe hannu a ƙirji, ganga na faɗowa ya zabura ya hau rawa, fili ya kaure da shewa. Na yi dariya tare da kowa. Amma ina hango Gwaggo a cikin mata, ta toshe kunne ɗaya da gefen mayafinta har sai da farkon ya wuce.

Ba ta koma daidai ba. Hannunta na dama ya kama rawa, ƙoƙon fura ma sai ta tallafe shi da na hagu. Aka ce hawan jini ne, aka ce dama shekaru sun ja. Kowa ya yi ta faɗa min haka, har da ɗanta, don su sauke min nauyi. Ni dai na san hannun nan lafiyarsa lau ranar da take ɓarar gyaɗa. Mai mota ya sake saya mata waya, ta ce a ba amarya, ita ƙaramar mai maɓalli ta ishe ta.

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Na yi ta zuwa Kashin Zama ina jiran ranar da za ta yi min faɗa, ina kai mata goro da sabulu kamar mai biyan tara. Kullum sai ta sa a dama min fura, ta tambayi iyalina. Wata rana da yamma muna zaune a gindin darbejiyar gidan, ta tambaye ni wane ne ma ke kaɗa abin nan. Na yi mata bayani iyakar iyawata, cewa wani ne can wata ƙasa, an sa shi a ɗaki ya tsinki tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe, ya tashi ya tafi gidansu. Ta tambaya ko ya san abin da ake yi da shi a nan. Na ce bai sani ba, bai ma san akwai Jega ba.

Ta gyaɗa kai. “To shi ba ya da laihi.”

Ta tsaya nan. Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba, ni kuma ban iya tambaya ba.

Can ta ce a zamaninsu in an yi rashi mutum ake tayarwa a kan keke. In ya iso ba ya faɗa daga ƙofa. Sai ya sha ruwa, ya dubi wanda zai faɗa wa, in tsaye yake ya zaunar da shi, in mace ce mai ciki ya nemi babba a gidan. Ba da faɗa ta yi maganar ba, kamar dai tana ba ni labarin yadda ake daka a da. Sannan ta ɗora hannun nan mai rawa a kan gwiwata.

“Ran da tau mutuwa taz zo, kak ka bari mai mota shi ji ga ɗigon ruwan ga. Kai za ka hwaɗa mai, da bakinka. Ka hwara tambaya tai ko shina tuƙi. In shina tuƙi ka ce shi tsaya, shi samu wuri shi zamna.”

Na ce Allah ya ja kwana. Ta ce amin, amma in amsa mata. Na amsa.

Washegari na goge hap daga kwamfutata. Ba wani abin a yaba ba ne, don bai rage komai ba. Na daina haɗa bidiyon sanarwa, masu zuwa suka yi fushi, suka koma suna haɗawa da kansu da sautin nan nawa. Na bi masu tura waƙoƙi a tashar Jega ɗaya bayan ɗaya ina roƙonsu su cire shi daga memori. Suka ce to, don suna ganin girmana, wasu ma sun cire a gabana. Ina fita daga tashar na ji shi yana gangarowa daga wayar wata mata a cikin keke mai ƙafa uku. Da a ce da ne, da na gyara tsayuwa. Ranar ji na yi kamar in shige ƙasa.

Ta yi 'yan shekaru bayan haka, ta ga jikoki biyu, ta sa wa na farin sunan wasa tana kiransa mijinta. Lokacin kwasar albasa ne ta tafi, da safe, bayan gajeriyar jinya da ba wanda ya ɗauka za ta kai ga haka. Matar mai mota ce ta kira ni. Shi yana kudu, ya sauke kaya ya juyo.

Kafin in hau babur na kira shi. Ya ɗauka, ina jin rurin inji a bayansa. Ya ce makaɗin lantarki, me ya faru da sassafe, ko an kuma kashe shi ne. Na tambaye shi ko tuƙi yake. Ya ce yana kan wani gangare mai lankwasa, ga manyan motoci a gaba da baya. Na ce in ya samu wuri ya tsaya ya kira ni, magana ce. Ya ce akwai inda suke tsayawa cin abinci a gaba, zai kira. Na ji daɗin yadda muryata ba ta tona ni ba.

Ina isa Kashin Zama na tsaya a ƙofar gida na roƙi jama'a, babba da yaro, kada kowa ya sa komai a waya sai na yi magana da ɗanta. Kowa ya ce to. Na shiga ciki na faɗa wa mata, su ma suka ce to. Amma labari ya riga ya fita tun kafin in iso, ya kai Aliero, ya kai Maiyama wurin surukai, kuma Gwaggo mutuniyar mutane ce. Wani mai ƙaunarta, da kyakkyawar niyya, ya nemo hotonta na ranar biki, ya ɗora masa ɗigon ruwan ya yaɗa. Har yau ban san ko wane ne ba, ban kuma nema ba. Me zan ce masa? Abin da na koya wa garin ya yi.

Muna dawowa daga maƙabarta wayata ta yi ƙara. Na ware daga cikin mutane na koma bayan wani rumbu. Ba rurin inji a bayansa. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai taɓa yi ba tun muna yara.

Ya ce, “Na tsaya, awa yadda kac ce. Na buɗe waya in kira ka, sai nig ga hoton Inna.”

Na jingina da rumbun, shi kuma ya ci gaba.

“Na kalla har ƙarshe. Na sake maido shi hwarko. Ina ta jiran ganga ta shigo.”

Na tambaye shi ko a zaune yake. Ya ce a zaune yake. Sai na faɗa masa da bakina.